Mati Baki-Bakwai da Jar Dawar Gwamnati

An haifi Mati a Kukar Bawa, wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta, inda gonaki suka matsu har mutum kan tsaya a tasa ya gaisa da maƙwabta ba tare da ya ɗaga murya ba. Shi ne auta a cikin maza biyar. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gandu, abin da ya zo hannun Mati wani siririn zirin ƙasa ne tsakanin gonar wansa da burtalin shanu. Nan yake shuka gero da wake, ya ware kunyoyi kaɗan ya zuba gyaɗa.

Ɗan ƙaramin mutum ne mai manyan kunnuwa, ba shi da ƙarfin noma kamar yayyensa. Abin da Allah ya ba shi kwaikwayon murya ne. In ya ji mutum ya yi magana sau ɗaya, ya ɗauke ta ke nan. Yakan yi muryar ladan, ya yi ta tsohuwa mai tallan daddawa, ya yi ta Bafulatani yana cinikin ɗan maraƙi, har da tarin liman. Saboda haka aka laƙaba masa Baki-Bakwai. In ana gayya a gonar wani akan kira shi, amma kowa ya san ba don fartanyarsa ba ne. Ana son sa, ba a dai shawara da shi.

Ya auri Furera, 'yar Malam Iliyasu, wani malami mai tsauri da ke zaune a wani ƙauye can wajen Watari, tafiyar yini a ƙasa. Malam Iliyasu bai so auren ba, yana cewa ba ya ba mai wasan yara 'ya, amma Furera ta kafe. Ita mace ce mai shiru, Mati kaɗai ke iya sa ta dariya har ta riƙe ciki. Suka haifi 'ya mace aka sa mata Aishatu, suna kiran ta Indo.

Daminar 1972 ta yi ƙwauro, ta 1973 kuwa suna kawai ta zo da shi. An yi shuka ta ƙone. An sake, ta tsiro ta kai tsawon tafin hannu, ta kwanta. Geron da ya jure ya fid da kai babu ƙwaya. Kafin bazara rumbunan Kukar Bawa sun zama wurin kwanan kaji, daga baya kajin ma aka sayar. Mata suka koma dafa ganyen tafasa da yaɗiya, a barbaɗa dusa a kai a kira shi abinci. Indo a lokacin ba ta daɗe da fara gudu ba, sai ta daina gudun, ta koma zama a gindin turmi tana kallon uwarta.

Wata safiya Mati ya ce wa Furera, “Ki ɗauki yarinyar nan ki tafi wajen Baba. Can akwai fadama, ba za a rasa ko rogo ba.”

“Kai fa, Malam?”

“Ai ni ne nauyin gidan nan, baki bakwai gare ni. In kun tafi sai in san yadda zan yi da su.”

Ba ta yi dariya ba. Ta goya Indo, ya raka su har bayan gari, ya tsaya yana kallo har kurmin kuka ya ɓoye su.

Ba a daɗe ba babbar mota ta shigo garin da buhunan taimako daga gwamnati, wata irin jar dawa da aka ce daga ƙasar waje aka kawo ta. Aka sauke a gidan Dagaci Khalilu. Ranar farko aka auna wa kowane maigida ɗan abin da zai kai shi Juma'a, daga nan aka sa wa ɗakin da aka ajiye buhunan kwaɗo. Dagaci ya ce sauran yana jiran umarni daga sama. Amma duk ranar kasuwar Ɗanbatta sai a ga jakunansa sun fita da kaya, can kuma a tarar da jar dawar tule a gaban ma'auna, da tsadar da ba mutumin Kukar Bawa da zai iya taɓa ta.

Dattawa suka taru suka je ƙofar gidansa roƙo, Mati na bayansu. Dagaci ya saurare su yana sakace haƙori, ya ce hannunsa a ɗaure yake. Can ya hango Mati.

“A'a, Baki-Bakwai, har da kai? Zo nan. Yi mana kukan jaki mu ji, a ba ka mudu.”

Mati ya dubi dattawan, kowa ya sunkuyar da kai. Yunwa na cin sa har idonsa na ganin duhu-duhu. Ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe,” ya buɗe baki ya yi kukan jaki. Ya yi shi da kyau har jakunan da ke ɗaure a bayan gida suka amsa. Dagaci da yaransa suka yi ta ƙyaƙyatawa. Aka auno masa mudun aka juye masa a hula.

Daga nan bai nufi gida ba, sai wajen abokinsa Sama'ilu wanzami. Ya raba dawar biyu ya ba shi rabi, ya zauna, Sama'ilu ya tambaye shi abin da ke tafe da shi.

Mati ya ce, “Babbar rigar da ka gada wajen kawunka tana nan?”

“Tana nan. Sayarwa za mu yi?”

“Aro nake so. Da malfa, da sanda. Ka kuma raka ni Ɗanbatta ka riƙe mini kaya.”

Ranar kasuwa da hantsi wani attajiri cikin babbar riga ya tsaya gaban ma'auna, yana magana da muryar mutanen birni. Ya ɗebi jar dawar ya shinshina, ya watsar ya goge hannunsa da sauri. Ya ce a Kano an daina sayen ta, don an gano akwai maganin da aka zuba mata, duk namijin da ya ci ta ya daɗe, shi da matarsa sun zama ɗaya. Ya yi gaba yana salati. Kusan azahar wani tsohon Bafulatani da malfa ya zauna gindin rumfar mai goro yana share hawaye, yana ba da labari cikin gurɓatacciyar Hausa cewa 'ya'yansa maza sun ci jar dawa, yanzu matansu duk sun koma gida. Da la'asar kuma wani yaron mota da tsumma a kai ya riƙa bin layin hatsi yana ihu, wai shi da idonsa ya ga Turawa na fesa wa buhunan wani abu a tashar jirgi.

Duk ukun Mati ne. Sama'ilu na bayan bukkar mahauta riƙe da jakar kaya.

Kasuwa ta gaba ba wanda ya kalli jar dawa. Ma'auna suka mayar wa dagaci kayansa suka ce ya nemi wasu. Ƙwari suka fara cin buhunan, ga shi ana raɗe-raɗin za a turo masu bincike. Ran nan sai sanƙira ya zaga gari yana shela cewa Dagaci Khalilu, saboda tausayin talakawansa, ya buɗe ɗaki zai yi sadaka.

Mutane suka taru amma suka tsaya nesa, kowa na tsoro. Mati ya ratsa su ya ɗebi dawar ya watsa a baki ɗanya, yana tauna yana cewa, “In ta kashe ni kun huta da surutu. In kuma ɗaya abin ne, wa yake da ƙarfinsa a wannan shekara?” Aka fashe da dariya, aka matso da ƙwarya da buhu. Da wannan dawar Kukar Bawa ta kai damina.

Mati ya ɗora rabonsa a ka ya kama hanyar Watari, yana tafe yana gwada muryoyin da zai yi wa Indo. Da ya isa ya tarar fadamar ta bushe ta tsattsage. A can an raba dawar taimako tsakani da Allah, kowane gida ya samu. Sai dai labarin kasuwar Ɗanbatta ya riga shi zuwa, kuma a hanya ya yi ƙiba. Ba maganar maza ake yi ba yanzu, cewa ake yi jar dawa na kumbura cikin yara ta kashe su. Malam Iliyasu ya sa an haƙa rami a bayan gari an binne rabonsa, ya rantse ba za ta shiga tukunyar gidansa ba.

Indo na kwance a tabarma. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Ta dubi ubanta ba ta miƙo hannu ba.

Mati ya durƙusa gaban surukinsa a zaure. “Baba, dawar nan lafiyarta ƙalau. Garinmu kaf ita muke ci, yara da manya.”

“Kun ci don ba ku da tawakkali,” in ji Malam Iliyasu. “Mutum uku suka ba da shaida a kasuwa, attajiri daga birni, da Bafulatani, da yaron mota. Ba su san juna ba. Me zai haɗa su a kan ƙarya? Kai da ba ka iya komai ba sai kwaikwayon mutane, kai za ka ƙaryata su?”

Furera na tsaye a bakin ƙofa tana ji. Almajiran malam da maƙwabta na zaune. Mati ya buɗe baki. Ya tuna dagaci da gidan yari, ya dubi fuskar surukinsa, ya dubi ta matarsa, ya rufe bakin. Ya ce a ransa zai lallaɓa ta wata hanya.

Ya lallaɓa ɗin. Ya shawo kan Furera ta niƙa dawar a gidan wata maƙwabciya ta dama kunu a ɓoye. Amma cikin Indo ya riga ya daina riƙe komai. Abin da aka ba ta, shi yake dawowa. Ba ta ƙara kwanaki masu yawa ba. Mati da kansa ya ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Malam Iliyasu ya yi mata salla, ya kuma gode wa Allah a gaban jama'a da ya sa bai ciyar da jikarsa guba ba.

Suka koma Kukar Bawa shi da Furera. Damina ta yi kyau a shekarar, gero ya yi. Mati ya yi noma kamar bai taɓa yi ba, ya kuma daina kwaikwayon kowa. Mutane suka ɗauka zafin rashi ne kawai.

Bayan kaka, da ciki ya cika, Sama'ilu ya kasa riƙe abin. Yana aske kan wani ya ba shi labari, don yana ganin bai kamata a ce dagaci ne ya yi sadaka ba alhali ga wanda ya ceci gari. Kafin mako ya zagayo, labarin ya gama ƙauyukan yankin. Furera ta ji shi a gidan suna. Wata mata ce ta ɗaura zani a kafaɗa kamar babbar riga tana kwaikwayon attajirin, mata na faɗuwa don dariya, suna tafa wa Furera baya suna cewa ta yi dacen miji.

Ta dawo ta same shi yana gyaran danga.

“Malam, wai kai ne attajirin?”

Ya ajiye karan da ke hannunsa. “Ni ne.”

“Da Bafulatanin?”

“Ni ne.”

“Ranar da ka durƙusa gaban Baba, ina tsaye. Me ya hana ka faɗa?”

Ya ce ko ya faɗa a ranar, lokaci ya riga ya ƙure. Ta ce ba ta tambaye shi lokaci ba. Ya ce dagaci zai sa a ɗaure shi. Ta dube shi ta ce:

“Mun yi makonni muna kallon ramin nan da aka binne dawa, ita tana kuka ina ba ta ruwan ganye. Baki bakwai gare ka, ka rasa ɗaya da za ka aiko mini da shi.”

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta nemi ya sauwaƙe mata, ya sauwaƙe. Ta tafi da 'yar jakarta, daga baya ta auri wani mai saƙa a garinsu.

Dagaci Khalilu ma ya ji labarin, ya ji kuma yadda yara ke kukan jaki in ya wuce. Ya kai Mati gaban alƙali da laifin ɓata kayan gwamnati da tayar da hankalin kasuwa. Alƙali ya tambaya ko akwai mai shaidar cewa an kulle dawar an hana mutane. Zauren cike yake da waɗanda suka rayu da ita, ba wanda ya motsa. Sama'ilu ya miƙe, aka ce shi abokin laifi ne, ya zauna ko a haɗa da shi. Ya zauna. Aka ɗaure Mati wasu watanni. Da ya fito ya tarar an ce burtali ya yi wa shanu kaɗan, an faɗaɗa shi ya cinye zirin gonarsa duka. Yayyensa suka ba shi haƙuri a tsaye, ba wanda ya ce ya shigo ya sha ruwa.

Ya bar garin. Ya yi leburanci lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Watari, yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka. Da aikin ya ƙare ya koma dako a kasuwanni, yau Ɗanbatta, gobe wani wuri, yana kwana a rumfunan da aka tashi.

Sunansa kuwa ya yi gaba ya bar shi. Da farko labarin jar dawa kawai ake bayarwa. Daga baya aka ƙara cewa Baki-Bakwai ya taɓa shafa wa jakin dagaci shuni ya sayar masa da abinsa. Aka ce ya taɓa cin tuwon gidan biki sau bakwai da fuska bakwai. Duk wata dabara da wani ya taɓa yi wa mai mulki ko mai rowa tun zamanin kakanni, aka kwaso aka jibga masa. Tsofaffi mata suka shigar da shi tatsuniya, a bakinsu ya fara rikiɗa, ya shiga gora ya fito ta buta, ya zama biri ya hau rimi yana yi wa sarki gwalo, ya yaudari aljanu ya ƙwace musu rijiya. A duk labaran nan ba shi da mata, ba shi da 'ya, ba ya jin yunwa, kuma kullum shi ke yin dariyar ƙarshe.

Ɓarayi ma suka samu mafaka. In akuya ta ɓata sai a ce aikin Baki-Bakwai ne. Wata rana a wata kasuwa wani ya gane shi ya kira sunan da ƙarfi, mai akuyar da aka sace ya tara masa mutane, suka yi masa dukan da ya karya masa haƙarƙari. Tun daga ranar in an tambaye shi suna sai ya ce Mati kawai, ya kuma rage magana har wasu na ɗaukar sa kurma.

Wani malamin firamare ya tattara tatsuniyoyin ya buga ɗan littafi don yara. Mati ya gan shi a shimfiɗe a tabarmar mai sayar da littattafai a Ɗanbatta, yana ɗauke da buhun wani. Bai iya karatun boko ba, amma ya ji yara na karanta sunan, ya kuma ga zanen bango: wata halitta da babbar riga da malfa, da wutsiyar biri, yana dariya baki har kunne. Ya tsaya yana kallo har mai buhun ya daka masa tsawa.

A 1984 fari ya dawo. Mati ya riga ya tsufa kafin shekarunsa, ga tari ya kama shi, ba mai ba shi dako. Ya ja jiki ya koma Kukar Bawa. Dagaci Khalilu ya rasu, ɗansa ne a kan gadon. Sama'ilu ya shimfiɗa wa abokinsa tabarma a zaurensa, duk abin da ya samu su raba. Sau da yawa yakan fara cewa da ya sani da ya riƙe bakinsa, Mati ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari.

Aka sake kawo hatsin taimako, aka sake sa wa ɗakin kwaɗo. Wasu magidanta matasa, waɗanda suna yara aka ciyar da su jar dawa, suka zo zauren suka tsugunna.

“Baba Mati, an ce kai ne. Ka taimaka ka yi mana irin ta da.”

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. “Kuna da 'ya'ya?”

Suka ce suna da su.

“Duk suna gabanku? Ba wanda kuka tura wani gari?”

Suka dubi juna, ba su gane ba. Ɗaya ya ce ko dai ya ɗan yi musu muryar Bafulatanin su ji. Mati ya juya musu baya ya fuskanci bango. Suka fita suna cewa wannan ba shi ba ne, Sama'ilu ne ke neman suna da wani tsohon ɗan dako.

Ya rasu ana tsakiyar bazara. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba, kabarin ma da ƙyar aka haƙa, don ƙasa ta yi tauri kuma masu haƙar ba su ci komai ba.

Ranar kasuwa Sama'ilu ya je Ɗanbatta ya tsaya a layin 'yan dako ya sanar da su, ko akwai wanda zai yi masa addu'a. Da ya ce Mati Baki-Bakwai ne ya rasu, sai wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce a je a tone kabarin, turmi za a tarar a cikin likkafani. Wani ya ce a kama wannan tsohon, wataƙila shi ne ya rikiɗa. Sama'ilu ya rantse da Allah, yana rantsuwa ana ƙara dariya, har masu goro suka taso jin sabon labari.

Ya aika wa Furera ta bakin wata mai tallan tabarmi. Matar ta same ta tana tankaɗen dusa a tsakar gida. Furera ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko an samu wanda ya yi masa wanka. Aka ce Sama'ilu ya yi. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta ci gaba da tankaɗenta.